Kifayen Saman Ƙofarmu

Yaya Shakeb,

Bayan gaisuwa, yaya jikin mahaifinmu Abbu, yaya yara? Ni lafiya lau a Glasgow, tarin ma ya kusa gajiya da ni.

Na ji za ka sa a kankare kifaye biyun nan, tambarin tsoffin sarakunan yankinmu na Awadh, daga saman ƙofarmu. Wai wani mai wa'azi a waya ya ce alamar tsafi ce, su suka taɓa wa Abbu hankali. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, amma shi likita ba shi da mabiya.

Yaya, Abbu ya manta sunana, ya manta layinmu a Lucknow. Kifayen nan kaɗai yake hangowa ya ce, "To, mun iso gida." In ka kankare su, a wace ƙofa zai tsaya?

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka,
Nuzhat