Ɗankwalin Yaya a Bakin Lasifika

Zuwa ga Yayata,

Yaya, kin taɓa jin an shafa wa mutum fenti a maƙogwaro don muryarsa ta yi kyau? To mijinki ya yi, kuma ni aka ɗora wa laifin. Ki gafarce ni, fushi ya sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jinya, yaya ƙafar Inna? Ina fata kumburin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san lasifikoki huɗun nan na rumfar fasinjoji a tasharmu, waɗanda ake kiran mota da cigiyar kaya da su. Yoyon rufi da ɓeraye sun cinye takardar bakinsu, wadda ita ce ke kaɗawa ta fitar da murya. In mai shela ya yi magana sai ka ji kamar ƙuda a gwangwani. Kwamitin tasha ya tambayi kuɗin sababbi, da aka faɗa musu kowa ya kama kallon silin. A nan ne mijinki, da yake shi ne sakatare, ya tuna matarsa tana da ƙane mai gyaran rediyo.

Kwana tara na yi a kansu. Na goge tsatsar maganaɗisu, na sake naɗa siririyar wayar koyil biyu da hannuna, zare-zare, har idona ya yi ja. Da na zo facin takardar sai na buɗe littafin nan nawa marar bango, wanda na koya wa kaina karatu da shi kina yi mini dariya. Ya ce a sami ƙyalle marar nauyi a jiƙa shi da gam mai ruwa-ruwa. Na birkice ɗakina kaf, ban ga abin da ya kai tsohon ɗankwalinki mai jajayen furanni ba, wanda kika ɗaure mini kaya da shi bara. Na yanka, na liƙa. Ranar da na rataye su, mai facin taya da ke can bakin ƙofa ya ce rabonsa da ya gane abin da ake faɗa tun yana saurayi.

Mako uku suna aiki lafiya lau. Ranar Litinin na shigo na tarar an yi musu baƙin fenti, irin na ƙofar ƙarfe, har cikin takardar, shafi biyu. Takarda ta sandare kamar faranti. Murya ta shaƙe, mai shela ya yi ta murɗa ƙara har ƙarshe, kafin rana ta take, uku daga cikinsu sun ƙone. Sai ga mijinki a tsakiyar rumfa, hannu a aljihu, yana faɗa wa direbobi wai dama ya sani, aikin injiniyan bola ba ya ƙarko.

Injiniyan bola, Yaya! Daga ranar zuwa yau mutum biyar sun kwashe rediyonsu daga teburina ba a gyara ba. Ni ba ni da shago, ba ni da takardar shaida. Sunana ne jarina, shi kuma ya taka.

Ki gaishe da Inna, kada ki faɗa mata tukuna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Ki hana ta ɗaukar bokiti, na san halinta.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta sau uku, ban ga komai a ciki ba sai haƙuri, haƙuri, wai uban 'ya'yanki ne. Na sani. Ni ma ai kawunsu ne, kuma kawu ma yana cin abinci.

Yanzu na gano dalilin fentin, mai fentin da kansa ya ba ni labari. Ashe ragar gaban lasifikokin ta ruɓe, furannin suna leƙowa, wani tsohon direba kuma ya gane ɗankwalin, don ya sha ganinki da shi kina kawo wa mijinki abinci. Shi ke nan aka samu abin yi. Da zarar Sakatare ya shigo sai su ce a gida madam ke magana, a tasha ma ɗankwalinta ke magana, shi aikinsa sa hannu kawai. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya har da riƙe ciki. Na kuma yarda da na san za a gane, da na nemi baƙin ƙyalle. Amma da ya zo ya faɗa mini, da na rufe gabansu da yadi ɗaya cikin minti goma. Girman kai ya hana shi tambayar wanda bai yi makaranta ba, ya gwammace ya tambayi mai fenti.

Jiya ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa, ya saki labule, ya sayo mini lemo mai sanyi, ya ce mu bar maganar a cikin gida. Ban taɓa lemon ba. Da zai zage ni bai rufe ƙofa ba.

Ga abin da na yi. Ta huɗun da ba ta ƙone ba na sauke ta, na cire takardar da ya kashe, na dasa mata wata daga tsohuwar rediyon mota. Ba wanda ya sa ni, ban karɓi ko sisi ba. Tana rataye yanzu, muryarta tas, har bakin titi.

Ki rubuta masa, Yaya, tunda an ce maganarki yake ji. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da rumfa ke cika, ya karɓi makirufo daga hannun mai shela ya faɗa wa tasha wa ya aika a sayo fenti. Ba na neman ya durƙusa, jimla ɗaya ta ishe ni. In ya ƙi, ni zan karɓa in tambaye shi ta cikin lasifikar, ya amsa a gaban direbobin da yake jin kunya.

Ki shafa mini kan yara, ki ce wa Inna ina nan tafe.

Ƙaninki da bai huce ba,
Auta