Hannun da Na Ƙi Karɓa

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙarin ruwa na uku. Awa huɗu ina kallon maganin yana ɗiga. Likita ta ce ba shi ke kashe kansar jinin ba, sojojin jikina yake tasa daga barci su yi aikin. Ashe har a jini akwai ragwaye. Ta sake ja mini kunne: banda cunkoso, banda musabaha, mura kaɗai ta isa ta kwantar da ni.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya zo dubiya da tarinsa. Ya miƙo hannu, na cusa nawa a aljihu. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ya ɗora ni kan keken ɗinki! Ya dubi tafinsa, ya goge a riga. "Ban san na zama ƙazanta ba." Maimakon in yi bayani, sai na ce in ba zai bi doka ba ya zauna gidansa. Bakina dai, bakina.

Laraba, 12 ga Maris
Zazzaɓi da kyarma. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Lahadi, 23 ga Maris
Ni na hana a zo, kuma ni ke kasa kunne ga ƙofa. Kaɗaici ya ishe ni, wallahi. Na danna lambar Yaya, na goge. Shi ne babba, shi ya kamata ya gane.

Alhamis, 27 ga Maris
Ƙarin ruwa na huɗu. Nas tana neman jijiya ta ce, "Tsohon nan na kan benci naka ne? Makonnin nan, duk ranar zuwanka gwajin jini yana nan. Ya sa takunkumi bai-bai, ya ƙarar mana da sabulun wanke hannu. Na ce ya shigo, wai a'a, tarinsa bai gama warkewa ba."
Na leƙa ta labule. Hular Yaya ce. Hannayensa a kan gwiwa, a buɗe, yana jira su bushe.
Na ce mata allurar ce ta sa ni hawaye.

Juma'a, 28 ga Maris
Na fitar da kujerar Baba waje, na ajiye daidai tagata, taku uku, kamar yadda likita ta ce. Na sa buta da sabulu a gefe.
Ɗakin ne ya yi mini cunkoso, shi ke nan.