Rabin Gonar Kurugu

Rogo, 3 ga Yuli, 1989

Yaya Maharazu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Baba da kowa. Jarrabawar malanta ta Gired Tu saura mako uku, kuma lissafi ne ya kayar da ni sau biyu. Hedimasta ya ce in na sake faɗuwa, aikin koyarwa ya ƙare. Tambayoyin da suke rikita ni su ne waɗanda ake ba da bayani biyu, a ce ko sun isa a gano amsa. Tunda kai malamin lissafi ne, ka taimaka.

Ƙanwarka, Safara'u

Karaye, 8 ga Yuli

Safara'u,

Muna amsawa, kowa lafiya. Tsoro ne yake cin ki, ba lissafi ba. Abin da ba ki sani ba ki sa masa x, kuma kada ki ƙara komai daga kanki. Gwada wannan. Wani manomi a Kurugu ya shuka gero da gyaɗa, sauran gonar bai shuka komai ba. Kashi nawa ya bari? Bayani na ɗaya: gero ya ci rubu'in gonar. Na biyu: inda aka bari ya ninka wurin gyaɗa sau biyu. Ki aiko amsa ta hannun Shitu direba.

Yayanki

Rogo, 11 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Bayani ɗaya shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa. Gyaɗa x, fili x biyu, duka rubu'i uku ke nan. Gyaɗa rubu'i, an bar rabin gona.

Yanzu ga tawa tambayar. Tun muna yara ba ka iya ƙirƙirar misali ba, sai abin da idonka ya gani. Gonarmu ce a Kurugu. Baba kuwa ko taku ɗaya bai taɓa bari babu shuka ba. Waɗannan biyun sun ishe ni. Me ya sami Baba? Hankalina ya tashi, gobe ma sai in taho.

Safara'u

Karaye, 13 ga Yuli

Ƙanwata,

Amsarki daidai ce, duka biyun, kuma na ji kunya. Ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye tun farkon damina. Yana magana, yana cin abinci. Shi ya hana a gaya miki. Na karanta masa wasiƙarki, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in kika tako Karaye kafin jarrabawa ba zai amsa gaisuwarki ba. Allah ya ba ki sa'a.

Maharazu

Rogo, 26 ga Yuli

Yaya,

A gaida Baba. Na zauna jarrabawar, ban bar tambaya ko ɗaya ba. Ina tafe ranar Juma'a da irin wake tiya huɗu. Ka gaya masa lokacin wake bai wuce ba, rabin nan ni zan shuka shi.

Safara'u