Ƙullutun Muƙamuƙina Ƙashi Ne Kawai

Baban yara,

Na wuce asibiti, likita ya ce in je ƙarfe takwas a sa min ranar aiki. Na ga ka koma barci, ban tashe ka ba.

Sakamakon gwajin ya fito tun jiya da rana. Ƙullutun nan na muƙamuƙina ba ciwon daji ba ne. Ƙashi ne kawai ya yi ƙari, kuma ba ya yaɗuwa. Za su kankare shi, in dawo maka da bakina da surutuna.

Na shigo da gudu zan faɗa maka, sai na tarar ka naɗe hannun riga kana wanke tukwane, har da "kwanta ki huta, ranki ya daɗe." Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin haka ba! Na ce bari in ɗan mori kwana ɗaya.

Da asuba na ji kana min addu'a, muryarka na rawa. Kunya ta kama ni. Ka yafe min, don Allah.

Faɗan kuma ka ajiye min shi da zafinsa, ina dawowa kafin azahar.

Taka,
Mai ƙashin ƙari