Ɗingishin Aro da Sabon Masai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Kawu.

Ina miƙo gaisuwa irin ta ɗa ga kawunsa, wadda ya kamata a ce a durƙushe na yi ta, sai dai a 'yan kwanakin nan durƙuso ya haramta gare ni, kuma za ka ji dalili a ƙasa. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, da aiki da gajiyarsa. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa, Ya kuma dawo mana da kai da ƙafarka, ba a hoto kawai ba.

Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Mama tana nan tana fama da mu, ta ce ƙaninta ya manta da ita, na ce mata ba mantuwa ba ce, tsoron faɗanta ne ya bi ka har can. Auta ta fara koyon girki, kuma har yanzu muna raye. Ni ina nan gidan burodi, ina ɗaukar buhu ina sauke buhu. Kaka kuwa, ita ce dalilin wannan takarda. Da a waya zan faɗa maka, amma ka san gidanmu. Kaka ba ta jin sallamar baƙo a bakin ƙofa, amma in aka ambaci sunanta a ƙuryar ɗaki cikin raɗa, sai ka ji ta yi gyaran murya.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da gwiwata. Na san Mama ta gaya maka na zame da buhun fulawa na gurɗe. Kawu, gwiwata ƙalau take, ko sauro bai cije ta ba. Kafin ka ce yaron nan bai daina shaƙiyanci ba, ka bari in ba ka labarin daga tushe.

Ka san tun ina ƙarami ni ke cinye ragowar Kaka, kuma ka san ragowar Kaka suna ce kawai, domin ba ta bari sai abin da ya gagari cokali. To, a 'yan watannin nan sai kwanon ya fara dawowa da nauyi. Da fari na yi murna, na ce amaryata ta fara sanin darajar maigida, har nama take ajiye mini. Ta harare ni ta ce ko karen gida ana jefa masa ƙashi. Amma da abin ya yi nisa sai na daina dariya. Shayin safe ta daina sha, wai yana sa ta zufa. Kofin ruwan da ake ajiye mata a gefen gado, yadda aka kai shi haka ake ɗauko shi. Leɓɓanta suka bushe, zoben da ba ya fita daga yatsarta ya fara juyawa da kansa. Mama ta kai ta asibiti, aka ce jikinta ba ruwa, ta riƙa sha da yawa. Ta ce to, aka dawo gida, kofi ya ci gaba da zama a cike.

Banɗaki ne ya tona mini asirin. Ka tuna masai ɗin tsugunnon da ke tsakar gida, wanda ya tsage ta gefe tun kana nan? Tsagar ta ƙaru, har wajen taka ƙafar hagu ya fara motsi. Bututun famfon da ke jikin bango kuma ya lanƙwaso, yana ɗiga, kullum Mama na zargin yaran maƙwabta. Wata safiya na shiga bayan Kaka ta fito, ta daɗe ƙwarai a ciki, sai na ga shaidar tafin hannu a jiƙe a bango, ɗaya sama da ɗaya, kamar wanda ya hau tsani. Na tsuguna, na kama bututun nan na miƙe, sai na ga daidai inda ya lanƙwasa nan ne hannu ke kamawa. Kawu, na daɗe a tsaye a wurin. Tsugunawa tana yi, tashin ne ya zame mata yaƙi. Shi ya sa ta rage ci da sha, don ta rage shiga. Matar da ta yi wa dukanku tsarki, ta yi mana mu jikoki, ta gwammace ta bushe a zaune da a ce wata rana ta kira wani ya ɗaga ta daga can.

Na gaya wa Mama, ta yi kuka, sannan ta yi abin da bai kamata ba: ta je kai tsaye ta ce wa Kaka za a sa mata masai na zama saboda ƙafafunta. Kaka ta ce ƙafafun wa? Ta ce ita ba gurguwa ba ce, kuma ba za ta zauna a kan kujerar da kowa ya ɗora jikinsa ba, ruwa ya fantsamo mata a zane ta rasa da me za ta yi salla. Ta ce duk wanda ya taɓa mata banɗaki, ba da yawunta ba. Ranar ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Na kwana biyu ina juya abin. Na gane in dai don ita za a yi, ba za ta yarda ba, amma Kaka ba ta taɓa iya ganin ɗayanmu cikin wahala ta yi shiru ba. Sai na samu bandeji na naɗe gwiwa, na aro sanda, na shigo gida ina nishi. Mama kaɗai na sanar daga baya, ita ma sai da ta gama salati. Na riƙa shiga banɗaki ina daɗewa, in fito ina haɗa gumi, in zube kusa da tabarmar Kaka ina cewa ni kam na daina cin abinci, tunda abin da ke biyo baya ya fi ƙarfina. Na tura kwanona gefe, kuma Allah Ya sani wannan ne ɓangaren da ya fi mini wuya. A gidan burodi ina gudu da buhu a kafaɗa, in na iso kwanar layinmu sai gurgunta ta sauko mini.

Ba a jima ba Kaka ta kira Mama, ta yi mata faɗa wai an zuba wa yaro ido zai lalace, a nemo masa irin kujerar nan tunda shi rago ne. Amma ta kafa sharuɗɗa. Kada ya fuskanci alƙibla, kada ya ba ta baya. Kada ya zama mai fantsama. A bar wajen ajiye buta a hannun dama. Kuma kada a kawo mata abin da zai lalace bayan wata biyu a bar mutane da wari. Na ce duk wannan don ni? Ta ce don ni mana, ita ina ruwanta.

A nan ne hoton da ka turo ya iso, na irin masai ɗin da ake maƙalawa a bango, tankinsa a ɓoye cikin gini. Wallahi ya yi kyau, Auta ta ce ita a kai za ta riƙa karatu. Na nuna wa mai gyaran famfonmu, wanda muke kira Sifana, muka duba tare. Bangon banɗakin nan ka san shi, ƙusa ma da lallashi yake riƙewa. Ruwanmu kuma yana zuwa ne ranar da ya ga dama, in ya ɗauke sai bokiti, kuma in wani abu ya lalace a tankin da ke cikin bango sai an fasa gini. Na san ka zaɓo mafi kyau ne don uwarka, kuma da gidan ya kai, da shi za mu sa. Ka yi mana afuwa.

Kafin mu tafi kasuwa na yi wata dabara. Na lura duk gidan nan wuri ɗaya ne Kaka ke tashi daga kai ba ta dafa kowa ba, wato bakin gadonta. Sai na samu tsohuwar sandar tsintsiya, na jingina da gadon lokacin tana alwala, na yanke ta daidai tsayinsa. Da wannan guntun icen na shiga shagon mai kayan banɗaki, ina ɗingishi, don ƙanin matarsa maƙwabcinmu ne, ba na son labari ya riga ni gida. Mai shago ya fara nuna mana masu sheƙi, masu zanen fure, har da wani baƙi wul kamar tukunya. Ni dai ina bi ina jingina icena. Mafi yawansu gajeru ne, waɗanda in Kaka ta zauna a kai, an sauya mata rami da rami ne kawai. Wanda ya kai tsayin icen, sai in zauna a kai, in miƙe da ƙafa ɗaya, in karkata dama in karkata hagu in ji ko zai yi rawa. Mutane suka fara leƙowa. Mai shago ya ce shi tunda ya buɗe bai taɓa ganin wanda ya zauna a kan kayansa kaf ba, in na gama in biya kuɗin haya. Na ce masa wanda zai sayi takalmi ma sai ya gwada, balle wannan da za a yi zaman shekaru tare.

Sifana kuma yana nasa binciken. Yana ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa, wanda ya yi ƙara garau lafiyayye ne, wanda ya yi dum akwai tsaga a ɓoye. Ya zura hannu ƙarƙashin baki ya ji ko santsin ya kai ciki, don inda ya yi kaushi nan datti ke maƙalewa. Ya buɗe tanki ya tabbatar kayan cikinsa irin waɗanda ake samu a kowane shago ne. Muka bar masu maɓallin dannawa, domin yatsun Kaka sun yi tauri, muka tsaya kan masu hannu waɗanda ko da gefen tafi za a iya dannawa. Na sa aka kawo bokitin ruwa aka sheƙa a cikin guda biyun da suka rage, ina riƙe da takarda a sama, wanda bai jiƙa takardar ba shi muka ɗauka. Fari ne, ba ado, mai faɗin gindi, mai murfi mai kauri. In ka gan shi ba za ka ɗauke shi hoto ba.

Aikin ya ci yini guda. Sifana ya fasa tsohon, ya gyara bututu, ya juya sabon ya kalli gefe yadda Kaka ta ce, ya ɗaure shi da ƙasa da noti maimakon ya dame shi da siminti, don ko gaba za a iya kwancewa. Ya sauko da famfo daidai hannun mai zama, na kuma sa ya kafa mariƙin ƙarfe a bango, a daidai wurin da na ga shaidar hannun nan. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ko kallon wajen ba ta yi ba.

Daga nan sai jira. Ba abin da za ka tambayi tsohuwa ba ne, kuma ba ni da idon da zan tsaya gadi. Kwanon kawai nake kallo. Rana ta farko ya dawo kamar da. Ta biyu ma haka, har na fara tunanin na yi ɗingishin banza. Ran nan da hantsi ina zaune ina gyara bandejina, sai ta kira ni da sunan da take kira na, Tsokana, ta ce in kawo mata ruwa a babban kofi. Ta shanye tas, ta miƙo mini kofin, ta ce in ƙaro. Da na juya ina jan ƙafa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, wai tun ranar farko take son ta tambaye ni, wace irin gurɗewa ce wannan da bandeji ke dama amma ɗingishi yakan koma hagu in an yi sallama da baƙi. Na tsaya cak da kofi a hannu. Ta ce kada in kuskura in warke yanzu, in ƙara ko mako guda, saboda matan layi sun riga sun san don ni aka sa, kuma haka take so su ci gaba da sani.

To Kawu, roƙona ɗaya ne. In kun yi waya, ka tambaye ta jikin Tsokana, ka yi mini sannu da ƙarfi yadda za ta ji, kada ka ambaci ƙafafunta ko banɗaki. Ita ta san na sani, ni na san ta sani, mun bar shi a haka, kuma ina ganin wannan rufin shi ne abin da ya fi masai ɗin amfani a wurinta.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata har yanzu ina jiran rigar da ta ce ta yi wa Kawu kaɗan. Ka gaida yaranka, Mai-Gilashi da ƙanwarsa Ƙyalƙyala, da jaririn da ba mu gani ba tukuna, Allah Ya raya mana shi. Mama da Auta suna gaishe ku, Sifana ma ya ce a miƙa tasa. Kaka ta ce in gaya maka ka rage aiki ka riƙa cin abinci, ka ji mai magana.

Ni kuwa ka sa ni a addu'a, don ni ne na yi asara a wannan ciniki. Yau kwanon Kaka ya dawo, na duba ciki na ga fuskata.

Ɗanka mai ɗingishi har zuwa mako mai zuwa,
Tsokana