Injin Gidan Waya da Buhun Gero

Litinin, 6 ga Agusta, 1984
Iliyasu, ɗan ƙanena, ya sake tayar da maganar. Wani maƙeri a Makoda zai ba da buhun gero a kan injina. Injin buga waya, wato telegiram, da na riƙe shekara ashirin da shida a gidan waya na Kano, suka bar mini da aka kawo sababbi. Na ce yana aiki. Ya ce, "Baba, aikin me? Ƙauyen nan ko wuta babu. To, ran Juma'a ya buga harafi ɗaya a gabana, na bar maka abinka."

Talata, 7
Damina ta sa masa tsatsa. Man keken ɗinkin da nake ɗiga masa ya ƙare.

Laraba, 8
Na dawo daga masallaci na tarar kiyashi sun yi layi har cikin injin. Man gyaɗa! Furera, matar Iliyasu, ta tuttula masa. Wai ta ga ina wahala, ai da shi take shafa wa ƙofa in tana kuka. Man gyaɗa danƙo yake yi, ya kama haƙoran ƙarfe. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa mace ba. Ta ce, "Yi haƙuri Baba, dama ɗan ragowar ne."
Ragowar. Shi ke nan man da ke gidan.

Alhamis, 9
Na zazzage kananzir ɗin fitilata, na wuni ina wanke shi da gashin kaza, haƙori bayan haƙori. Da la'asar na juya da hannu. R, Y, R, Y, yadda muke gwadawa a da. Ya buga! Tsaf. Ba wanda ya gani.
Tafasa aka aiko mini daga cikin gida, ba mai ba ƙuli. Furera da tsohon ciki. Ban ga ta ci ba.

Juma'a, 10
Iliyasu ya zo bayan an sauko. Na juya, inji ya cije. Sau uku. Akwai wata 'yar sakata a gefe da ake ɗagawa kafin a juya. Ban ɗaga ba. Tsufa ne, mutum yana mantuwa.
Ya ce, "Baba, ko in ƙara maka mako?" Na ce ya nemo amalanke tun rana ba ta faɗi ba.

Lahadi, 12
An yi dakan geron maƙerin yau. Ƙarar turmi ta hana ni barcin rana. Ban aika a ce su daina ba.