Ƙorafi Kan Agwagwar Robar da Ta Toshe Bututun Hawa na Tara

Teodorico Maglasang,
Shugaban Masu Aikin Famfo,
Jirgin Ruwa Mutiara Senja,
Tashar Jiragen Ruwa ta Singafo.

Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga:
Mista Vincent Quek Boon Hwee,
Daraktan Kula da Ma'aikatan Jirage,
Kamfanin Jiragen Shaƙatawa na Selat Permai,
Babban Ofishi, Singafo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RAUNIN DA MA'AIKACI PARYONO YA SAMU RANAR 11 GA MARIS SANADIN ƁOYE AGWAGIN ROBA, DA TAKARDAR GARGAƊIN DA AKA BA NI RANAR 15 GA MARIS

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ne mai suna a sama, mutumin tsibirin Cebu. Shekarata ashirin da ɗaya ina aikin famfo a jiragen wannan kamfani, tara daga ciki ina shugabantar sashen, kuma ban taɓa rubuta wa ofishinka ƙorafi ba. Ina neman afuwa tun yanzu idan wasu kalmomin da ke ƙasa ba su dace da teburin babban mutum ba. Na nemi masu tsafta ban samu ba.

1. Kamar yadda ofishinka ya sani, shekara uku ke nan da fasinjoji suka tsiri zuwa da ƙananan agwagin roba. Mutum ya ɗaura wa kowace agwagwa 'yar takarda mai sunansa, ya ɓoye ta a wani lungu, wanda ya tsinta ya ɗauki hoto ya saka a shafin ƙungiyarsu, ko ya riƙe ko ya sake ɓoyewa. Ba ni da ja da wasan baƙi. Amma sashena ya ciro waɗannan abubuwa daga magudanar wurin iyo, daga injin ƙanƙara, daga bayan tukunyar kashe gobara, sau biyu kuma daga rariyar kicin. Na rubuta wa Daraktan Nishaɗi, Mista Gavin Rozario, ranar 4 ga Nuwamba, 2024, da ranar 20 ga Janairu, da ranar 18 ga Fabrairu na bana, ina roƙon a yi wa baƙi iyaka. Ban samu amsa a rubuce ba. Wadda na samu da baki, a gaban yaransa, ita ce: "Haba Kuya Rico, agwagwa ce fa, ba kada ba." Haka ake kirana a jirgi, Kuya kuwa yaya ke nan a harshenmu.

2. Ranar Litinin, 10 ga Maris, mun tashi daga Singafo da wata ƙungiyar masu wannan wasa, mutum sittin da ɗoriya, ƙarƙashin jagorancin Madam Doreen Yap, tsohuwar baƙuwar kamfani da ke ɗaki mai lamba 1104. Masu dakon kaya sun shaida mini akwatuna huɗu daga cikin kayansu babu komai a ciki sai agwagi.

3. Ranka ya daɗe, masan jirgi iska ce ke zuƙarsa, bututunsa kuma faɗinsa bai wuce yatsu uku ba. An rubuta wannan da harsuna huɗu a saman kowane masai. Ranar Talata, 11 ga Maris, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, aka fara kira daga hawa na tara. Kafin sha ɗaya ɗakuna goma sha takwas sun daina zuƙa, huɗu daga ciki sun cika sun tumbatsa, najasa ta haye dokin ƙofar bayi ta bi kafet. A ɗaki 9036 na iske wani dattijo daga Ipoh a kan keken guragu, ƙazanta ta naɗe tayoyin, matarsa ta durƙusa tana tare ta da tawul ɗin wanka don kada ta kai ga jakar magungunansa. Matar nan haƙuri take ba ni. A zatonta su ne suka yi wani laifi.

4. Na gano inda toshewar take, a wata gwiwar bututu cikin ramin aiki da ke bayan bayin jama'a na kusa da ɗakin cin abinci. Ramin mutum ɗaya yake ci, shi ma a karkace. Ina tare da Pak Paryono, wato Malam Paryono a harshensu, wanda muke kira Pak Yono, mutumin Cilacap, ɗan shekara arba'in da bakwai, wanda ya shekara shida a ƙarƙashina ban taɓa yi masa gyara sau biyu a kan abu ɗaya ba. Yana cikin azumi. Na yunƙura zan shiga ya riƙe mini hannu ya ce, "Kuya, tumbin nan naka ba zai wuce ba, sai mu yi ciro biyu. Bar wa ramammu aikinsu." Ya shiga da cikakkun kayan kariya. Ba zan ɓoye wa ofishinka komai ba: zafin ramin ya sa tabaransa ya yi gumi har ba ya ganin kan ƙusa, sai ya ɗaga shi sama don ya share. Na sha neman a sayo mana irin wanda ba ya gumi, takardun suna wurin Babban Injiniya. A daidai lokacin da ya ɗaga ne mahaɗar da ya sassauta ta ƙwace. Abin da ya taru a bututun daga ɗakuna goma sha takwas tun safe ya feso masa a fuska. Ya ture takunkuminsa, ya shiga idanunsa, da hancinsa, da bakinsa.

Da ƙafa na jawo shi. Ya yi amai har ya koma kakari babu abin da ke fitowa. Na riƙe kansa a ƙarƙashin famfon wanke ido minti goma sha biyar. Bai zagi kowa ba. Da ya iya magana, abin da ya tambaye ni shi ne, "Kuya, kana ganin azumina yana nan?" Ni Kirista ne, ban san hukuncin ba. Na ce masa Allah ya ga yadda aka yi.

5. Abin da na zaro daga gwiwar bututun agwagwar roba ce rawaya mai kambi a ka. Takardar wuyanta an lulluɓe ta da leda mai kauri, don haka rubutun bai goge ba: "Barka da sa'a, ka same ni. Daga Doreen, 1104." Da yammacin ranar wata mai gyaran ɗakuna, Ni Luh Sekarini, ta nuna mini shafin ƙungiyar a wayarta. Da ƙarfe tara da minti hamsin da biyu na safe Madam Yap ta saka hoton wannan agwagwa tana shawagi a cikin masan bayin jama'a na hawa na tara, ta rubuta a ƙasa: "Gimbiya ta koma ruwa, wa zai cece ta?" Mutum ɗari biyu da wani abu sun saka alamar dariya. Wanda ya shiga bayin bayan fitarta bai duba ba, ya danna maɓallin zuƙa. Ba na ganin laifinsa, babu mai lafiyayyen hankalin da zai leƙa masai yana neman kyauta.

6. Ranar Laraba, 12 ga Maris, Pak Yono ya tashi da zazzaɓi, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe yana fitar da ruwa. Likitan jirgi ya sauke shi a Penang aka kwantar da shi a asibiti. Ni na haɗa masa jakarsa. A ciki akwai yadin da ya saya wa matarsa, Bu Sumiyati, na sallah. Zuwa yau likitoci ba su yarda su ce idon zai tsira ba. Rahoton hatsari da aka rubuta ranar 13 ga wata, ba tare da an tambaye ni ba, layi uku ne. Ya ce ma'aikaci ya cire kayan kariya saboda sakaci. Bai ambaci agwagwa ba. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin abin da kalmar sakaci ke yi wa kwantiragin ma'aikacin jirgi.

7. Sau uku na nemi ganin Mista Rozario, sau uku aka ce yana tare da baƙi. Ranar Juma'a, 14 ga Maris, da ƙarfe uku na rana, ƙungiyar ta yi taron musayar agwagi a zauren hawa na shida, da shayi da kayan zaƙi, kamfani ne ya shirya musu. Na yi wanka, na saka kayan aiki masu tsafta, na je. Agwagwar tana cikin leda biyu a ɗaure. Na ajiye ta a kan teburin Mista Rozario, ba a teburin abinci ba kamar yadda aka rubuta a kaina. Na ce masa, "Yallaɓai, ga abin da ya kwantar da ma'aikacina a asibiti. Ina roƙon a saka shi a rahoto."

Madam Yap ta hango kambin ta cikin leda, ta taso tana tafi tana kiran ƙawayenta su zo su ga Gimbiya ta dawo. Ta dube ni ta ce, "Kawu, ai sai ka wanke mini ita. Irinta ta yi wuya, guda hamsin kaɗai aka yi." Na gaya mata inda na ciro ta, na gaya mata wani mutum yana Penang ana fafutukar idonsa. Ta ɗan ja baya, ta toshe hanci da yatsu biyu, ta ce, "Allah sarki. To amma ai aikinsa ke nan, ko? Ba don irin wannan aka ɗauke ku ba?" Wata a bayanta ta ɗaga waya ta ce in ɗaga ledar sama in yi murmushi. Mista Rozario ya yi dariya ya ce wa jama'a a tafa wa jarumin da ya ceto Gimbiya. Aka tafa.

A nan na faɗi maganar da aka hukunta ni a kanta, kuma ban musa ba. Na ce, "Madam, shekara ashirin da ɗaya ina saka hannu cikin kashin mutane. Yau ce ranar farko da na ji ƙyama." Ban ɗaga murya ba, ban nuna ta da yatsa ba. Na ɗauki ledata na fita.

Don adalci, ina so a rubuta cewa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wani dattijo daga cikinsu, Mista Selvaraj, ya biyo ni har bakin matakala ya ce ya ji kunya, ya nemi cikakken sunan Pak Yono don ya saka shi a addu'a. Ya yarda a kira shi shaida.

8. Ranar Asabar, 15 ga Maris, bayan mun iso Singafo, aka miƙa mini takardar gargaɗi ta farko a rayuwata, bisa zargin tozarta baƙuwa da shiga wurin baƙi ba izini. A sakin layi na ƙarshe an umarce ni in wanke agwagwar, in feshe ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in haɗa ta da wasiƙar ban haƙuri da hannuna, a aika wa Madam Yap kafin 24 ga wata. Na kuma samu labarin an yi mata kyautar wata tafiyar don a huce mata rai. Ban saka hannu a takardar ba. Na karanta ta sau biyu, na fita bakin jirgi na tofar da yawu.

Bisa abin da ya gabata, ina roƙon ofishinka mai daraja da ya duba waɗannan buƙatu:

(a) A gyara rahoton ranar 13 ga Maris, a cire kalmar sakaci, a rubuta musabbabin toshewar da sunansa, tare da batun tabarau da na daɗe ina kai kuka a kansa.

(b) A tabbatar wa Pak Paryono a rubuce cewa gurbinsa yana nan, ko da ido biyu ya dawo ko da ɗaya, kuma a kai matarsa Penang ta zauna da shi. Yau kwanansa biyar a garin da bai san kowa ba.

(c) A haramta ɓoye kowane irin abin wasa a bayi, da kicin, da wurin kayan ceto, a kuma sanar da baƙi tun a bakin tasha, da hukuncin da zai hau kan wanda ya saɓa ko da wane irin katin alfarma na kamfani yake riƙe da shi.

(d) A janye takardar gargaɗin da aka ba ni, a kuma ɗauke mini umarnin wanki da ban haƙuri.

Game da na ƙarshe, ina sanar da ofishinka cikin ladabi cewa ba zan wanke ta ba. Na wanke abubuwan da suka fi ta muni ban yi gunaguni ba, amma wannan hannuna ba zai yi ba. Tana nan a kulle a kabad ɗin ɗakin aikinmu, yadda na ciro ta, da takardarta a wuya, ga duk jami'in da za a turo bincike. Na san gargaɗin da ba a janye ba yana iya hana a sabunta mini kwantiragi a watan Yuni, ni kuma na haura hamsin, ba kowane kamfani ne zai dube ni ba. Duk da haka, idan ya zama dole a zaɓi abin da za a amsa daga cikin buƙatun nan, a amsa (a) da (b), a bar mini tawa takardar.

Jiya Lahadi na samu Pak Yono a waya. Muryarsa ba ta fita sosai. Ban kai ga tambayar idon ba ya riga ni: "Kuya, gwiwar bututun nan, sabuwa ka saka ko ɗauri ka yi? Kada ka bar ta da ɗauri, ba za ta kai wata ba." Na ce masa sabuwa na saka. Ya ce to madalla. Ranka ya daɗe, wannan shi ne mutumin da aka rubuta wa sakaci.

Ina jiran matakin da ofishinka zai ɗauka, tare da godiya bisa lokacin da aka ba wannan takarda. Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Teodorico Maglasang,
Shugaban Masu Aikin Famfo, Mutiara Senja.

Abin da aka haɗa: kwafin takarduna uku zuwa ga Daraktan Nishaɗi, hoton shafin ƙungiyar na ranar 11 ga Maris, takardar likitan jirgi, takardar gargaɗi, ba sa hannu.

Kwafi zuwa ga: Kyaftin, Mutiara Senja, Babban Injiniya, Wakilin Ƙungiyar Ma'aikatan Jiragen Ruwa.